Ɗaliba mai shan inna da mai raunin ji: za su iya karatun ungozoma da likitanci?

Malamar Bayoloji

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san makarantun kiwon lafiya ciki da bai. Akwai ɗalibai mata biyu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, duk 'yan kimiyya, kuma kowacce tana ja sosai a Kemistiri da Bayoloji. Ɗaya shan inna ta taɓa mata ƙafar hagu tun tana ƙarama, tana sa takalmin ƙarfe har cinya tana dogara sanda ɗaya. Ita ungozoma take so ta zama. Ɗayar kuma jinta ya ragu a kunnuwa biyu bayan wata doguwar jinya da aka yi ta yi mata allurai, tana sa na'urar ƙara ji, amma maganarta garau. Ita likitanci take so. Mutane sai ce musu suke su haƙura su nemi koyarwa, wai ko sun ci JAMB za a dawo da su a wajen gwajin lafiya. Akwai ƙa'idar da ta hana su ne? A ina ake samun cikas, kuma me ya kamata iyaye su tanada tun yanzu?

Malamin Kwalejin Jinya

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri da kika tsaya musu.

Sharuɗɗan neman gurbi na karatu ne: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sai jarabawar JAMB a Turanci da darussan kimiyyar nan uku. A nan ba su da matsala. JAMB ma tun 2017 tana da kwamiti na musamman mai kula da masu buƙata ta musamman, kuma a fom ɗin rajista akwai wurin da ake bayyana lalura. Su cike shi.

Cikas ɗin yana zuwa ne bayan an ba da gurbi, ranar rajista a makaranta, lokacin da za a miƙa takardar shaidar lafiya. Abin da aka saba rubutawa a sharaɗi jimla ɗaya ce, cewa ɗalibi ya kasance lafiyayye a jiki da ƙwaƙwalwa. Likitan da zai sa hannu ba a ba shi jerin ayyukan da ɗalibar za ta yi ba, ga layi a bakin ƙofa, sai ya ga sanda ya yanke hukunci da ido. Makarantar kuma tana da nata tsoron: Majalisar Jinya da Ungozoma, ko ta Likitoci, ta ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, don haka ba ta son gurbi ɗaya ya tafi ga wadda take zaton za ta faɗi a jarabawar aikin hannu. Zato ne kawai, amma shi yake mayar da yara gida.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a zaɓi makaranta a fom ɗin JAMB, a je a gan ta da ido: ina azuzuwa suke, ina ɗakin koyon aiki, a wane bene ɗakunan marasa lafiya suke a asibitin da ake tura ɗalibai, yaya banɗakin ɗakin kwana yake. Daga nan a samo rahoton ƙwararre, na ƙashi ga ta farko, na kunne ga ta biyu. Rahoton da ya tsaya ga sunan cuta bai da amfani. Wanda ake so shi ne mai faɗin abin da take iya yi: minti nawa take iya tsayuwa ba hutu, tana hawa bene ko a'a, hannayenta biyu suna da cikakken ƙarfi, tana iya durƙusawa ta tashi. Sai a rubuta wa shugaban kwaleji ko na tsangaya wasiƙa, a haɗa rahoton, a faɗi sauƙin da ake nema ɗaya bayan ɗaya, a nemi a gwada ta a ɗakin koyon aiki a gaban malamin da ke kula da horon asibiti. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi gida. Idan wani ya ce ba za ta iya ba, a roƙe shi cikin ladabi ya rubuta wane aiki ne ba za ta iya ba. Sau da yawa maganar a nan take canjawa, domin da wuya a samu aikin da za a rubuta.

Likitan Kunne

Malama, game da mai son likitanci, kafin komai a yi mata awon ji mai fitar da zane, wanda ke nuna ƙarfin ji a kowane mataki na sauti daga 250 zuwa 8000 a ma'aunin amo. Wannan takardar ce za ta faɗi abin da take buƙata.

Dalili kuwa: sautin bugun zuciya mai kauri ne, yawancinsa ƙasa da 200 yake a ma'aunin amo. Baƙaƙen magana irin su “s” da “f” sirara ne, can sama suke. Alluran da ke lalata ji, irin su jentamaisin da sitireftomaisin, siraran sautuka suke fara ci. Saboda haka za a iya samun wadda magana ke kuɓuce mata a cikin hayaniya amma tana jin zuciya rangaɗau. Idan kuwa sanƙarau ne ya taɓa ta, raunin yakan yi zurfi ya game ko'ina, lissafin ya bambanta.

Abin sauraron ƙirji na lantarki yana ninka sauti sau da yawa. Akwai Littmann CORE, akwai Thinklabs One wanda ake jona masa abin sauraro na kunne. Inda ake yin kuskure shi ne a sayo shi da tsada a haɗa da na'urar ƙara ji ta Bluetooth, sai ɗaliba ta ce ba ta jin komai. Ba lalacewa ya yi ba. Na'urar ƙara ji an saita ta ne don magana, tana ɗaukar sauti mai kauri a matsayin hayaniya ta yanke shi, wato ainihin abin da ake nema take zubarwa. Mafita biyu ce: ko mai saita na'urar ya buɗe mata wani tsari daban na sauraron ƙirji, ko ta sa babban abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya a kan na'urar. Cire na'urar a mayar a kan kowane maras lafiya ba dabara ba ce, hannun da ya taɓa majinyaci zai yi ta komawa kunne, kuma a lokacin da ta cire ba ta jin abin da yake faɗa mata. Wasu daga cikin waɗannan na'urori suna zana sautin a fuskar waya, yana taimakawa wajen koyo.

Awon hawan jini a yi da na lantarki, amma ta san iyakarsa: yana iya ba da lamba ƙasa da gaskiya ga mai cikin da jininta ya hau irin mai kai wa ga jijjiga, yana kuma rikicewa idan bugun zuciya ba ya tafiya daidai. A irin waɗannan sai a maimaita da na hannu. Bugun zuciyar ɗan tayi kuwa, ƙaramar na'urar Doppler mai nuna lamba ta wadatar, 110 zuwa 160 a minti ake nema.

Amma gaskiya ba a wajen sauraron ƙirji ake shan wahala ba. Wahalar tana cikin zagayen marasa lafiya, babban likita ya juya baya yana magana ƙasa-ƙasa, mutum goma sun kewaye gado, fanka na kaɗawa. Tana cikin ɗakin tiyata, kowa da takunkumi, babu leɓen da za a karanta. Tana cikin kiran waya da tsakar dare. Ga na farko akwai ƙaramin makirfo da ake maƙala wa malami a riga, yana aika magana kai tsaye cikin na'urarta. Ga sauran, ta saba da maimaita duk umarnin da aka ba ta da babbar murya kafin ta aiwatar, sunan magani da adadinsa kuma a rubuce. 15 da 50 a bakin Turanci kusan sautinsu ɗaya, ko mai lafiyar kunne yana faɗawa wannan ramin. Ta riƙa yawo da batir na ajiya, ta kuma kwana da na'urar a cikin kwalbar busarwa, domin gumi da ƙurar hunturu su ne ajalinta. A rubuta a katinta na asibiti cewa a kauce wa ba ta waɗancan allurai in akwai madadinsu.

Sista Mai Ritaya

Ban ƙi abin da Malam ya faɗa ba, kuma ba na goyon bayan a kori yarinya saboda sanda. Amma kada mu ɓoye wa 'yar nan yadda ɗakin haihuwa yake.

Naƙuda ba ta da jadawali. Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, ungozoma za ta sa hannu ɗaya ciki ɗaya a kan mara ta matse mahaifa, ta tsaya a haka har taimako ya zo, hannu biyu a ɗaure, babu na riƙe sanda. Idan kafaɗar jariri ta maƙale, ana naɗe cinyoyin uwa zuwa ciki, wani ya danna saman ƙashin mara, cikin 'yan mintuna ake so a gama. Jaririn da bai yi kuka ba, a cikin minti na farko ake so a fara hura masa iska, ke nan za a ɗauke shi daga gado zuwa teburin farfaɗowa da hannu biyu. Ƙasa kuma a jiƙe take da ruwan haihuwa da jini. A babban asibiti akwai abokan aiki. A ƙaramin asibitin ƙauye da dare, ungozoma ɗaya ce sai mai shara, kuma can ake fara tura sababbi.

Shawarata ta fara da jinya ta gaba ɗaya, shekara uku ko huɗu a kwaleji, ko biyar a jami'a. A ciki za ta zaga ɗakin haihuwa ta ga abin da jikinta zai ɗauka. In ta ga za ta iya, ƙarin karatun ungozoma wata goma sha takwas ne. In ta ga da wuya, ga ɓangaren ido, ga na kunne, ga wankin ƙoda, ga awon ciki da tazarar haihuwa, ga koyarwa. Wadda ta shiga ungozoma kai tsaye ƙofofinta ba su kai haka yawa ba.

Mai Gashin Ƙashi

Hajiya Sista, shawararki ta fara da jinya ta gaba ɗaya mai kyau ce. Inda zan ɗan saɓa miki shi ne zancen hannu biyu. Yawancin masu takalmin ƙarfe mai kulle a gwiwa, idan ɗaya ƙafar lafiya take, suna tsayuwa cak ba sanda. Sandar ta tafiya ce, ba ta tsayuwa ba. Don haka matse mahaifa a bakin gado ba lalle ya gagare ta ba, musamman in ta jingina ƙugu da gadon ko aka sa mata doguwar kujera mai birki. Ɗaukar jariri kuwa, a jawo teburin farfaɗowa kusa da gado tun kafin haihuwa, abin da ya kamata a yi wa kowa ma. Duk wannan ana iya gwada shi da 'yar tsana a ɗakin koyon aiki cikin rabin awa, a daina gardama.

Abin da ya fi cancanta a gwada shi ne danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ana so a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗu a saitin ƙirjin majinyaci. Nauyin jiki ne ke yin aikin. A kan gado, sai a sauke gadon ko a sa mata matakala mai faɗi, da katako a bayan majinyaci. A ƙasa, sai ta buɗe kullen gwiwa ta durƙusa, kuma wannan saukar ita ce za ta yi ta maimaitawa har ta zama cikin daƙiƙu kaɗan. Ana canja mai dannawa duk minti biyu ko da ƙato ne, don haka minti biyu masu kyau ake nema daga gare ta.

Ƙananan abubuwan da ke jawo matsala: robar gindin sanda tana cinyewa, da zarar zanenta ya shafe ta zama santsi a kan tayil mai ruwa, a riƙa dubawa ana canjawa. Mariƙin sanda yana kwasar ƙwayoyin cuta, don haka sai ta ajiye sandar sannan ta wanke hannu, ba akasin haka ba. Ta ware sanda ɗaya ta cikin tiyata da ɗakin haihuwa, a goge ta da sifirit, domin ruwan bilic yana cin alminiyom. Tire ba ya ɗaukuwa da sanda, keken kaya za ta riƙa turawa. Kafin ta fara zuwa asibiti a kai takalmin a duba shi, sashen haɗa irin waɗannan kaya na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana wannan aikin. Takalmin da aka auna mata tana 'yar shekara goma sha uku ba zai ɗauki tsayuwar awa takwas ba, zai ci mata fata a cinya da idon sawu.

Sai dogon lissafi. Kafaɗa da wuyan hannun da ke ɗaukar sanda suna gajiya da shekaru, kuma wasu masu shan inna sukan sami sabon rauni da kasala shekara 15 zuwa 40 bayan cutar. Wannan ba dalilin hana ta ba ne, dalilin ta nemi ƙarin ƙwarewar da za ta ba ta aikin zama ne kafin ta kai arba'in.

Makarantu kuma su sani wannan tambayar ba za ta tsaya kan yarinya ɗaya ba. A 2006 kaɗai yara sama da dubu ɗaya shan inna ta kama a Najeriya, akasarinsu a Arewa. An tabbatar da kawar da cutar ta asali a 2020, amma waɗancan yaran su ne yanzu ke bakin ƙofar manyan makarantu. Gangaren hawa keke ana yin sa ne santimita 12 na tsawo ga kowace santimita 1 ta tudu, wato dakalin santimita 45 yana son mita 5.4. Wanda ake zubawa a bakin ofisoshi mai tsawon mita ɗaya da rabi kacal, mai keke ba ya hawansa shi kaɗai, mai sanda kuma ya fi tsoronsa a kan matakala.

Lauya

Ta fuskar doka, Malama, ki riƙe Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Sashe na 1 ya haramta wariya saboda naƙasa, da tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Sashe na 18 ya ce makarantun gwamnati, har da manyan makarantu, su zama masu karɓar kowa da kayan da ake buƙata. Sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari masu naƙasa su kai kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu, wanda ya shafi asibitocin koyarwa lokacin neman gurbin shekarar horo da ɗaukar aiki. Wa'adin shekara biyar da aka bayar na gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Akwai kuma Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, da aka kafa a 2020, wadda ake kai wa ƙorafi.

Abu biyu a kiyaye. Idan kwalejin ta jiha ce, a nemo dokar jihar a ambata tare da ta tarayya, jihohi da dama sun yi tasu. Sannan kada a dogara da sashe na 42 na kundin tsarin mulki shi kaɗai, domin bai ambaci naƙasa da suna ba cikin dalilan wariyar da ya lissafa.

Doka ba ta ce a sassauta ma'aunin ƙwarewa ba. Abin da ake nema a sauya hanyar kaiwa gare shi: ƙarin lokacin tafiya tsakanin tashoshin jarabawar aikin hannu, umarni a rubuce maimakon ƙararrawa, izinin shiga da na'urarta. Indiya ta riga mu shiga wannan rigimar. Hukumar likitocinsu ta taɓa sa sharaɗin cewa sai mai hannu biyu cikakku zai karanta likitanci, kuma a 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta yi watsi da shi, ta ce a duba abin da ɗalibi ke iya yi, mutum da mutum. Hukuncin ba ya aiki a kotunanmu, amma hujjar tana da amfani a cikin wasiƙa.

Malamar Bayoloji

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta rage. Mahaifin mai raunin jin yana ganin tunda hijabi yana rufe na'urar, kuma maganarta ba ta nuna komai, gara a yi shiru har ta shiga. Me kuke gani?

Malamin Kwalejin Jinya

Malama, a ba Alhaji haƙuri, kada a yi haka. Fom ɗin lafiya yana da tambaya a kan ji, kuma ɗaliba tana sa hannu cewa abin da ta faɗa gaskiya ne. In ta ɓoye, ranar da aka gano ba zancen naƙasa za a yi ba, zancen ba da bayanin ƙarya za a yi, kuma a nan dokar da Barista ya ambata ba za ta kare ta ba. Shekarun farko na aji da ɗakin gwaji za ta iya lallaɓawa. Da an shiga asibiti a shekara ta huɗu abin zai fito, kuma yakan fito ne a siffar da ta fi muni: a ce ba ta mai da hankali, ko tana raina manya don an kira ta ba ta waiwayo ba. Sannan ba za a bar ta ta shiga jarabawa da abin sauraron ƙirji na lantarki ba in babu izini a rubuce tun farko, domin yana iya naɗar sauti yana kuma haɗuwa da waya.

Ba sai duk duniya ta sani ba. Likitan makaranta, shugaban tsangaya da jami'in jarabawa sun isa, sai kuma babban likitan kowane sashe a ranar farko da aka tura ta can. Takardar izinin ta ambaci sunan na'urar da samfurinta, a sabunta ta kafin kowace babbar jarabawa, domin jami'ai suna canjawa, masu jarabawa na waje kuma ba su san da ita ba sai an nuna musu.